Kuɗin Motar Da Wani Ya Biya Miki

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci mahaifiyarki ta zo ta same ni a zaure. Ta zauna a gefen tabarma, na ba ta ruwa ta sha, ta daɗe tana murza bakin mayafinta kafin ta yi magana. Ta ce wata Hajiya ta yi miki hanyar aikatau a Libiya, ita za ta biya kuɗin mota da na abinci tun daga Magama har can, in kin fara aiki kya riƙa biya a hankali. Ta ce kin roƙe ta kada ta gaya wa kowa sai kin isa. Kada ki ga laifinta. Uwa ce, kwana uku ba ta runtsa ba, ni kuma yayanta ne, ba ta da wanda za ta kai wa kuka da ya fi ni kusa.

Ba faɗa zan yi miki ba, don na san abin da ya kai ki ga wannan shawara. Da ni aka yi wa mijinki sutura bayan 'yan bindiga sun same shi a gona, Allah ya jiƙansa. Ina tsaye ranar da kika shigo Jibiya a kan amalanke da yara uku da tukunya biyu. Na san ɗakin hayar da kike ciki, na kuma san surfe da wankau ba sa ciyar da baki huɗu a wannan tsadar. Kin ga yadda mutanen Shimfiɗa suka cika makaranta a garin nan a 2022, kin san dubban 'yan'uwanmu na Katsina da Zamfara da Sakkwato da suka tsallaka jihar Maraɗi tun 2019 suna zaman gudun hijira. Ga rufe iyaka da aka yi a 2019, aka sake a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, kasuwa ta kwanta, masu lodi da masu abincin tasha suka zauna hannu rabbana. Duk wanda ya ce kwaɗayi ke damunki, bai taɓa ɗora tukunyar ruwa zalla a murhu don yara su yi barci suna jiran abinci ba.

Sai dai shekara talatin da ɗaya na yi ina jan mota tsakanin Katsina da Jibiya da Maraɗi, tun ana yayin fijo har idona ya fara gazawa da dare. Na ɗauki 'yan kasuwa, na ɗauki amare, gawa ma na ɗauka. Na kuma ɗauki mutanen da wani ya biya wa kuɗin mota, kuma labarinsu nake so ki ji kafin ki ɗaure kaya.

Tafiya ba abin kunya ba ce a wurinmu. Da ayari birnin Katsina ya yi suna, raƙuma na sauka daga Agadas da Gat da Gadamus, kakanninmu na zuwa Gwanja sayo goro, har yau samari na fita ci-rani bayan girbi su dawo da faɗuwar ruwa. Amma ki duba yadda tafiyar da take. Ayari yana da madugu, an san gidansa, an san ubansa. Shi ke gaba, ƙishirwar da ta kama na baya ita ke kama shi, in kuwa ya dawo ba tare da ɗan wani ba, dole ya tsaya a ƙofar gidansu ya yi bayani. Ɗan ci-rani da guzurinsa yake fita, in wuri bai karɓe shi ba ya naɗe tabarmarsa ya juyo. Hajiyar nan ba za ta bi ki ba. Iyakarta bakin tasha. Za ta damƙa ki a hannun wani, shi ma ya damƙa ki ga wani, kafin ki kai Sabha kin bi hannu biyar ko shida, babu ɗaya da ya san sunan mahaifiyarki.

Kada kuma mu ɓoye wa kanmu, ayarin da ke kawo gishiri da alharini yakan koma da mutane a ɗaure. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kuka karanta a makaranta, akwai uwar da ta bi sawun ɗanta cikin hamada, aka yaudare ta, ta ƙare baiwa a wajajen Murzuk da Tarabulus. Murzuk ɗin na nan har gobe a kudancin Libiya, gefen hanyar da ake so ki bi. Sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya, Nijar kuma sai 2003 ta mai da ita laifi a doka. A 1996, ina kan jan mota a wannan hanya, aka sayar da Hadijatu Mani a yankin Birnin Ƙonni kan sefa 240,000 tana da shekara 12. Ta girma ta kai ƙara, ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ECOWAS ta zauna a Yamai ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Abin da nake so ki lura da shi a labarinta shi ne sunan da aka sa wa abin. Wahaya aka kira ta, kamar wani irin aure. Bautar yanzu ba ta zuwa da mari a ƙafa, da suna mai daɗi take sallama. Taki an kira ta hanya, an kira ta taimako.

Bari in warware miki yadda bashin yake, yadda na ji daga bakin direbobin Agadas da muke shan shayi tare a tashar Maraɗi, da kuma bakin waɗanda Allah ya dawo da su. Ranar da kika hau mota ba ki biya ba, an buɗe miki shafi. Ke ba ki ga shafin ba, ba ki san nawa aka rubuta ba. A Agadas za a ajiye ki a wani gida mai doguwar katanga, a ce a jira mota ta cika, kuma kowane kwana da kowane kofin ruwa yana shiga lissafi. In an kai Sabha, mai mota zai ce ba a cika masa kuɗinsa ba, sai wani ya fito ya biya ya karɓe ki. Wannan biyan, ɗiyata, shi ne cinikin, ko da yake cewa za a yi an ɗauki nauyinki. Wanda ya karɓe ki shi zai kai ki gidan aiki, kuma a hannunsa ake sa albashin, wata da watanni. In kin yi ciwo, kuɗin magani ya hau kan na baya. In uwar gida ta kore ki, a mai da lissafi farko. In kin yi gardama, akwai gidajen da ake kai mata inda aikin ba shara da wanke-wanke ba ne. Ba sai na ƙarasa ba, ke ba yarinya ba ce.

Wa za ki kai wa ƙara a can? Kin shiga ƙasar mutane ba takarda, a dokarsu ke ce mai laifi. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 Libiya ba ta tsaya a hannun gwamnati guda ba, kowane yanki da masu bindigarsa, gidajen tsare baƙi da yawa ma a hannunsu suke. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma ko mai askin ya san nawa ya karɓa, ya san kai ɗaya zai aske.

Kafin ma a kai ga bashi, akwai hamada. Na san Hajiya ta ce miki hanya ta buɗe yanzu, kuma akwai gaskiya a maganarta. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci a Agadas, a watan Nuwamba na 2023 kuma gwamnatin Janar Tchiani ta soke ta, motoci suka koma fita a fili. Sai dai soke doka bai haƙa rijiya ko ɗaya a Tenere ba. Daga Agadas a bi Dirku, a bi Madama, a faɗa Gatrun, kwanaki ne a bayan Hilux, mutum ashirin da wani abu, kowa ya zuro ƙafafu waje ya rungumi sandar da aka kafa masa don kada ya faɗi. Wanda barci ya kwashe ya suɓuce, ba kowane direba ke taka birki ba. Ni direba ne, na san abin da ake nufi da mota ta mutu. In ta mutu a hanyar Ɗan Isa, sai ka aiki yaron mota ya kira bakanike, ka zauna a inuwa ka jira. In ta mutu a can, ruwan da ya rage a jarka shi ne sauran kwanakinka.

A watan Oktoba na 2013 motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Tamanrasat ta Aljeriya, suka lalace a hanya. Gawa 92 aka tsinta: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu daga yankin Kance ne na jihar Damagaram, Hausawa irinmu, matan da fari da yunwa suka koro. Waɗanda suka binne su sun ce rukuni-rukuni suka tarar da su, wani wuri uwa da 'ya'yanta, wani wuri yara su kaɗai. Na daɗe ban iya daina tunanin waɗannan yaran da aka samu su kaɗai ba. A tsakiyar 2017 wasu 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku, 'yan Nijeriya da 'yan Gana, har da jarirai. Waɗanda suka kai Aljeriya ma ba su tsira ba, ana kwaso su a manyan motoci a zube a cikin rairayi, su tako kilomita 15 da ƙafa zuwa Asamaka ta Nijar. A 2024 kaɗai ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro haka.

Yanzu zan gaya miki abin da ko mahaifiyarki ban taɓa gaya wa ba. Wata rana da la'asar sakaliya, ina layi a Katsina, ɗan kamasho ya kawo mini wani mutum mai kyakkyawar shadda, ya ce ya sayi kujerun motar duka, zai kuma ninka mini kuɗin lodi. 'Yan mata shida ne tare da shi, 'yan kudu, babbarsu ba ta kai shekarunki ba. Kowacce da 'yar jaka ɗaya a cinya. Na lura ba ɗayarsu da ke riƙe da waya, duk suna aljihunsa. A kowane shinge shi ke saukowa ya yi magana, su kuma su sunkuyar da kai. Da muka kusa Magama ya ce in tsaya, 'yan acaba suka fito daga wani lungu suka kwashe su ta cikin gonaki, ni na wuce da mota ba kowa, na sake ɗaukar su can gaba. Kusa da Maraɗi ƙaramar cikinsu, wadda ke bayana, ta taɓa kafaɗar yaron motata, da guntuwar Hausa da Turanci ta tambaye shi saura awa nawa a kai Italiya. Yaron ya yi dariya. Ni ban yi dariya ba, amma ban ce komai ba. Na sauke su, na ƙirga kuɗina, na sayi buhun gero da su.

Na gaya wa kaina cewa ni direba ne, aikina kai mutum inda ya ce. A watan Nuwamba na 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna hoton gwanjon mutane a Libiya, ana taya samari majiya ƙarfi dala 400. A cikin watan nan ne aka tsamo gawar 'yan matan Nijeriya 26 daga Bahar Rum, aka binne su a garin Salerno na Italiya, biyu kaɗai aka san sunayensu ranar jana'iza. Da na ji a rediyo, yarinyar nan mai tambayar awa nawa ce ta faɗo mini a rai, kuma har yau ba ta fita ba. Na tuba, ina kan roƙon gafara, daga ranar ban sake ɗaukar irin wannan lodi ba. Amma buhun geron mun riga mun cinye shi, ke ma kin ci tuwonsa a gidana kina ƙarama. Shi ya sa ba zan iya yin shiru a kanki ba.

A da muna cewa abin na 'yan kudu ne, mu hanya kawai suke bi ta ƙasarmu. Yanzu kin san ba haka ba ne. Ɗan wani abokina daga wani ƙauye kusa da Daddara ya tafi, ya ce gini zai yi a Libiya. Bayan wata biyu aka kira uban daga Bani Walid. A majalisa muke zaune, ya buɗe muryar wayar don ba ya ji sosai, muka ji ana dukan yaron yana kiran Baba, wani kuma yana faɗin kuɗi da lambar asusu da Hausa tsantsa. Gonar fadama ya sayar. Ke kin san wannan kiran, kin san yadda gida yake zama in ana jiran wayar masu garkuwa. Daga hannun masu neman kuɗin fansa kika gudo, ɗiyata. Ba na so ki ɗauki ƙafarki ki kai wa wasu, a inda ko gawarki ba za mu iya ɗaukowa ba.

Mahaifiyarki ta ce an sa ki dafa Alƙur'ani cewa ba za ki faɗa ba, ba kuma za ki gudu da bashi ba. Na san wannan ya fi komai yi miki nauyi, don ke mai tsoron Allah ce, kuma da wannan tsoron aka kama ki. 'Yan matan Edo ma haka ake yi musu, a kai su gidan tsafi su rantse, har sai da Sarkin Bini, Oba Ewuare na II, ya tara masu tsafin ƙasarsa a watan Maris na 2018 ya warware duk irin waɗannan rantsuwoyi. Mu addininmu ya riga ya ba mu mafita. Ki je ki tambayi limamin unguwarku: wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya bi alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su ko ya 'yanta bawa, in bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Ki duba fa, 'yanta bawa yana cikin kaffarar rantsuwa, ta yaya za a ɗaure ɗiya da ita a kai ta bauta? Ki kuma tambaye shi hadisin da ke cikin Buhari game da mutanen da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. A cikinsu akwai wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗin, akwai wanda ya sa ma'aikaci aiki ya hana shi ladansa. Azumin nan in ya kama, ni da mahaifiyarki za mu taya ki da abin buɗa-baki.

Ban ce Hajiyar nan dodo ba ce. Na san irinsu. Suna zuwa biki da suna, suna raba atamfa, suna da fara'a. Wata ma da kanta aka taɓa kai ta, ta gama biyan nata, ta ga hanyar da ta rage mata ta samun kuɗi ita ce ta kawo wasu. Da ɗan gari akan ci gari. Baƙo daga Sabha ba zai san wace ce mijinta ya rasu ba, wace ce mai gida ke bin ta kuɗin haya wata uku. Annabi Yusuf ma ayari ne ya sayar da shi kan 'yan dirhamai, amma waɗanda suka jefa shi rijiya tare suke cin abinci. Abin da ya fi tayar mini da hankali a maganarta shi ne ɓoyewa. Aure ana shela, haihuwa ana suna, mai zuwa Hajji gida-gida yake bi yana sallama. Wane irin alheri ne wannan da zai lalace in kawunki ya ji?

In ta ga kin ja baya tana iya cewa to ga Saudiyya, ƙasa mai tsarki, ga aiki ga ibada. Wannan ma mun san ta tun zamanin 'yan Kano-Jidda. A shiga da bizar Umara a zarce, ba igama, wato takardar izinin zama, mace ta yi shekaru tana aikatau tana ɓuya, ranar da aka kama ta a kai ta gidan tsare baƙi na Shumaisi, a dawo da ita da kayan jikinta. Akwai waɗanda suka samu, ban musa ba, kin ga gidajen da suka gina. Waɗanda ba su samu ba ba su gina komai da za ki gani ba, shi ya sa labarin masu samu kaɗai ke yawo.

Ga abin da nake roƙon ki. Ki ce wa Hajiya kawunki yana so ya yi mata godiya. Ta zo mu zauna gaban mai unguwa, da liman, a yi magana a fili. Ta faɗi garin da za a kai ki da sunan mai gidan da lambar wayarsa. Ta faɗi nawa ne bashin duka, a rubuta, ta sa hannu, a kuma rubuta wata nawa za ki yi kafin kuɗi ya fara shiga hannunki ke da kanki. Zan tambaye ta a hannun wa wayarki da fasfonki za su zauna, in ma akwai fasfon. Zan ce ta haɗa mu da mace ɗaya da ta kai, wadda ta gama biya, mu kira ta lokacin da ita Hajiyar ba ta wurin, mu kuma je mu ga iyayenta. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, ko akuya za ki ba da kiwo sai kin yi irinsu. In ta ce an raina ta, ko ta ce lokaci ya ƙure mota gobe za ta tashi, kin samu amsarki. Akwai hukumar NAPTIP da gwamnati ta kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane, tana da ofis a Katsina, can jami'an shige da fice ke miƙa waɗanda suka tare a kan iyakar nan. Ba don a wulaƙanta kowa ba, amma in ya tabbata akwai wasu 'ya'yan mutane a layi bayanki, ni zan je in faɗa. Na yi shiru sau ɗaya a bayan sitiyari, ba zan ƙara ba.

Akwai kuma maganar babbar ɗiyarki. An ce in kin tafi za a ba da ita aikatau a Kano, a riƙa aiko wa kakarta kuɗin a ƙarshen wata. Shekararta goma. Yarinyar da za ta tashi kafin asuba ta kwanta bayan kowa, a gidan da ba mai tambayar ko ta ci, kuɗinta kuma a hannun dillaliya, me ya raba ta da abin da nake tsorata miki? Nisa ne kawai. Mun saba da shi har ba ma ganinsa. Ki bar ta a makarantarta, ko da allo ne da 'yar firamaren nan ta bayan kasuwa.

Ba zan hana ki abu in bar ki hannu wofi ba, ba kuma zan yi miki ƙaryar cewa abin da nake da shi ya kai abin da aka faɗa miki ba. Ina da buhu biyu na gero da ban taɓa ba, ɗaya naki ne. Ɗana ya yarda ya ba ki injin markaɗen da ke ajiye a gidansa, ki riƙa biyan sa kaɗan-kaɗan, kuma za a rubuta nawa ne a gabanki. Matata za ta sa ki a adashinsu, ta ce za ta bar miki kwasar farko. In rani ya shiga akwai aikin lambu a bakin dam, tumatir da albasa ba sa rasa mai saye ran kasuwa. Wahala ce, na sani, za ki gaji. Amma da magariba za ki rufe ƙofa da hannunki, yaranki na gefenki. In kuma zaman Jibiya ya gagara, akwai Katsina, akwai Maraɗi, akwai Kano, inda kuɗin motar bai fi ƙarfin aljihunmu ba, inda in kin kira da safe zan iso kafin la'asar.

Ke baliga ce, ba zan ɗaure ki ba. In duk da haka zuciyarki ta rinjaye ki kika tafi, ga wasiyyata. Ki haddace lambar wayata kamar Fatiha, ki kuma rubuta ta a ƙyalle ki ɗinke a bakin zanenki, don waya ita ake fara karɓewa. In kin samu dama ki nemi ofishin jakadancin Nijeriya ko ma'aikatan IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, tun 2017 sun dawo da dubban 'yan ƙasar nan daga Libiya a jirgi. Kada kunya ta zaunar da ke. Na san wata da ta ƙara shekara biyu a can bayan ta samu hanyar dawowa, don tsoron abin da matan unguwa za su ce. Ranar da ta iso na ga tafin hannunta duk ya saɓule saboda ruwan wanke banɗaki, tana ɓoye shi cikin hijabi, aka kuma samu masu yi mata habaici a gidan biki. Wannan laifinmu ne mu na gida, kuma yana cikin abin da ke riƙe 'ya'yanmu a hannun azzalumai. Ke dai ko da goyo kika dawo, ko da ciwo, ko ba takalmi, ƙofata a buɗe take, ba kuma wanda zai tambaye ki komai sai kin ci kin ƙoshi kin yi barci.

Ran Lahadi zan shigo kasuwa sayen igiya da gishirin dabbobi. In na gama zan biyo ta wurinki da geron, kafin azahar in sha Allahu. Ki gaya wa Hajiya lokacin, ki kuma ce wa yara Kawu na tafe da ƙuli-ƙuli.